Majanyinki Ya Hau Tudu

Zuwa ga Rabi, uwar ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin dai san a aji huɗu na tsaya, shi ma malam ne ya riga ni gajiya.

Labarin Hadiza zan ba ki. Kin tuna tudun marmara na bayan garinmu, wanda kinka yi mata alkawarin za ki goya ta har bisa ta ga ruwan dam ɗin Goronyo? Tana shekara bakwai. Kinka tafi ba ki cika ba. Tun sannan take tuna mini, ni kuwa ina cewa sai an cire albasa. An cire albasa sau goma. Gaskiyar magana tsoro nike ji: ƙafafun da shan-inna ya shanye, ina su ina tudu?

Ranar Asabar ta hau kekenta na hannu ta nufi can, ba ta tambaye ni ba. Na zura babbar riga da takalmin Juma'a kamar mai zuwa ɗaurin aure, na ɗauko majanyinki cikin adaka, na bi ta. Nufina in goya ta.

Ta dubi majanyin, ta dube ni, ta ce, "Baba, mi za ka yi da wannan? Riƙe shi dai." Ta sa silifa a hannuwa, ta ɗaure robar taya a gwiwa, ta kama hawa.

Rabi, ashe mai tafiya da hannu ya fi mu sanin dutsen da ke riƙe mutum. Ni a tsakiyar hanya tsakuwa ta kwashe ni, takalmi ɗaya ya gangara, hula ta bi shi, na rungume wata sabara ina salati.

Ita ta ce in jefo mata bakin majanyin. Ta naɗe shi a hannu, ta tokare ƙirji da dutse, ta jawo ni kamar buhun albasa. Shekarun murza keke ba su tafi a banza ba.

A bisa, ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, ga gonakin rani kore shar. Ta ƙare musu kallo. Sannan ta yafa majanyin a kafaɗa. Na tuna kina cewa, "Yarinyar nan ku bar ta ta gwada." Ban ji ba sai yanzu.

To, alkawarinki ya cika, sai dai ni anka goya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya raya mana ita, Ya sada mu a Aljanna.

Mijinki,
Garba mai takalmi ɗaya.