Guntun Zanen Uelese

Apia, ranar Talata

Zuwa ga yayata Leitu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Auckland? Ciwon bayan nan naki ya yi sauƙi kuwa?

Yaya, ranar da mijina Uelese ya kwanta a tabarma aka fara masa pe'a, zanen tawadar nan da ake yi wa mazanmu na Samoa a fata, ranar rayuwata ta juye, ni kuwa ina zaune ina murmushi. Tufuga, mai yin zanen, yana ƙwanƙwasa masa abin zanen mai haƙora a baya, mutum biyu sun ja fatar, dangi suna waƙa, shi ko gezau. Na ce a raina, yau ga jarumin littafin soyayya a gidana. Har na soma tsara yadda zan ba ki labarin ranar da za a gama, a shafe shi da man kwakwa, ya miƙe ya yi rawa da zanensa tun daga kugu har gwiwa.

Da aka sauko cinyar hagu sai ta kumbura ta yi ja, zazzaɓi ya rufe shi. Ba wanda ya damu, kin san kowa haka yake yi. In an tashi a kai shi teku a wanke, a matse, a kwantar da shi. Ƙannensa har tsiya suke masa: "Kai Uelese, tun yanzu? Ajiye kukan, ba a zo gwiwa ba tukuna!" Ya yi dariya yana cije leɓe. Da na ce masa ciwon nan ya wuce abin da ido ke gani, sai ya ce, "Fetu, rufa mini asiri, kada Baba ya ji."

Da safiyar Lahadi ya soma amai da gudawa, jikinsa duk ya yi ja kamar wanda rana ta gasa. Ya dube ni ya kira ni da sunan kakarsa da ta rasu. Ban san sanda na fita ina ihu ba. Daga asibitinmu na tsibirin Savai'i aka sa mu a jirgin ruwa zuwa babban asibitin nan Apia.

Ni na ɗauka ƙwayoyin cuta ne kawai ke cinsa. Likitar da ta karɓe shi ta ce abin ya fi haka. Ƙwayoyin sun shiga ta ramukan zanen, suna zuba wani dafi a cikin jini. Ashe jiki yana da nasa dakarun. In cuta ta shigo, kaɗan ne ke tashi su nufi wurin, su buɗe hanyoyin jini, shi ne zafi da kumburin da muka saba gani, kuma alheri ne. Wannan dafin kuwa gaba ɗaya yake tayar da su, su yi ta kiran juna ba tsayawa, hanyoyin jini su saki ko'ina, ruwa ya tsiyaye cikin nama, jini ya kasa kaiwa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Jikinsa ne ke neman kashe shi garin kare shi. Yaya, kin taɓa jin irin wannan?

A littattafan da nake karantawa, in miji ya yi zazzaɓi matarsa tsumma mai sanyi take ɗora masa, ya buɗe ido ya kira sunanta. Nawa na'ura ce ke masa numfashi, fuskarsa ta kumbura har sai da na wuce gadonsa ban gane shi ba.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki,
Fetuao

Apia, ranar Laraba

Yayata Leitu,

Ina sake gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya.

Allurar da suke masa ba ta isa ba. Likita ta buɗe mana cinyar, ni da iyayensa. Ta yi baƙi, ba baƙin tawada ba. Ta ce naman wurin ya mutu, magani kuwa jini yake bi, jini kuma ya daina zuwa can. Ƙwayoyin suna zaune lafiya suna ta zuba dafinsu, dakarun jikinsa ba za su lafa ba sai an cire wurin. Za a yanke fata da nama tun daga ƙugu zuwa kusa da gwiwa, yau ba gobe ba. Ko ya warke, ba za a ƙara yin zane a wurin ba.

Surukina ya miƙe tsaye. "Ɗana ya koma gari da guntun zane? A ina zai cire riga? Ni a ina zan zauna cikin manya? Ku ƙara masa allura, jinin gidanmu ba ya gudun tabarma!" Surukata ta rufe fuska da bakin zanenta tana kuka.

Likita ta ce tunda ba ya cikin hayyacinsa, maganar matarsa za a bi. Baba ya juyo. "Wannan? Yarinyar da aka kawo mana bara, ko gwaza ba ta iya gasawa ba sai karatun soyayya?" Kin san matsayin matar da ke zaune a gidan miji, girki da shiru. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba sai yau.

Ba Baba ne ya fi tsaya mini a rai ba. A cikin jirgi, da hankalin Uelese ya ɗan dawo, ya damƙe hannuna ya ce, "Fetu, ko me za a yi, kada ki bari zanen ya tsaya a rabi." Na ce to. Na zauna a dakalin waje ina ta juya wannan "to" ɗin har rana ta take. Mai yiwuwa in ya farka ba zai so ganina ba, gidan kuma ba za su manta ba.

Ki sa a yi mana addu'a a cocinku, ki gaishe da maigidanki.

Na je na sami likita na ce ta yanka. Yanzu suka shiga da shi.

Ƙanwarki,
Fetuao