Kek Ɗin Kuskure

Zuwa ga Yayata Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ne. Na ji Barira ta sauka lafiya, Allah ya raya mana. Ni ma ina nan ƙalau, sai dai sanyi ya shigo, tun la'asar gari ke duhu, gwiwa kuma kullum da safe sai ta tuna mini shekaruna.

Yaya, kin sha tambayata me ya canza mini murya a waya, ina ce miki gajiya ce. Ban yi ƙarya ba, amma gajiyar tana da suna: Torkild, shugaban makarantarmu. Yanzu da abin ya wuce, zan iya faɗa miki.

Kin tuna zuwanki nan Denmark, ranar da na fita sayen kek don na kulle 'yan ajina a waje na manta makulli a gida? Har kika ce wace irin ƙasa ce wannan, mutum ya yi wauta a ci daɗi. To haka abin yake: kai da kanka za ka kawo kek ɗakin malamai, a yi maka dariya, a ci, magana ta mutu. Wanda ya ci ya yafe. Da Torkild ya zo, sai ya mai da al'adar bulala. Shi ke yanke wa mutum laifi a gaban kowa, ya nuna ka da biro ya ce, "Gobe muna jiran kek ɗinka." Kuma ko loma bai taɓa ci ba, don haka a wurinsa magana ba ta mutuwa. Ni laifina, harshena ya karkace a kan wata kalma a taron iyayen yara. Ya yi ta kwaikwayona, ya ce, "Sallau, tofar da dankalin da ke bakinka tukuna, sai mu ji ka." Na haɗiye. Baƙo yana haɗiye abubuwa da yawa, Yaya. Amma ba zan ci haƙƙinsa ba: shi ya gyara rufin da ya shekara yana yoyo, kuma a hannunsa karatun yara ya ƙaru.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne na Gudrun, dattijuwar nan da ta saƙa miki safa. Ita ta zaunar da ni a kicin ɗinta ta koya mini yaren nan lokacin da ban san kowa ba. Saura mata kaɗan ta yi ritaya, shi kuwa so yake ta tafi kafin lokaci, wai ta yi nauyi. Ya sa ta kawo kek don ta makara ranar da ta kai mijinta asibiti. Na iske ta tana kwashe littattafanta cikin kwali, ta ce kafin Kirsimeti za ta ajiye aikin. Mace ta ƙarar da rayuwarta a aji, a ce ta fita ta ƙofar baya kamar ɓarauniya!

Asger, malamin wasanni, shi ya kawo dabara. Shugabar ilimi ta ƙaramar hukuma, Vibeke, tana da ziyara, kuma Torkild ya saba ƙarasa zagaye da ita a ɗakin malamai a sha kofi. Asger ya ce, "Ai mutumin nan kek yake so, mu ba shi ya ƙoshi. Duk wanda aka taɓa sa shi, ya kawo nasa ranar." Na fi kowa tsoro, amma na tuna kwalin Gudrun. Tunda ban iya gasa kek ba, cincin na soya irin naki. Asger ya ciza ya ce, "Tsoho, wannan abinci ne ko tsakuwar gini?"

Ranar ziyarar, da Torkild da Vibeke suka shigo, tebur ya cika, har kan taga da saman injin kofi. Vibeke ta yi dariya ta tambaya wa ya yi aure. Asger ya ce ba aure ba ne, kuskure ne. Ta ce, "Duk wannan? Makarantar kuka ƙona?" Sai kowa ya tsaya bayan nasa yana faɗin laifinsa. Wani ya ce jana'izar mahaifiyarsa ya je. Wata ta ce ciki ta ɗauka ba ta duba jadawalin darasi ba. Ni na faɗi kalmar nan tawa, daidai wannan karon. Dariyar Vibeke ta ɗauke. Torkild ya yi ja har kunnuwa, yana cewa wasa ne, wasa kawai muke yi. Gudrun ta miƙa masa wuƙa ta ce, "To in wasa ne, ɗan nan, yanka ka ci." Yaya, ya kasa.

Bayan nan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka saurare mu. An mai da Torkild wani ofis inda takardu kawai zai yi wa tsawa. Gudrun ta juye kwalinta, ni na taya ta jera littattafan.

Ranar da zai tafi, sai ga shi da kek a hannu, ba wanda ya sa shi. Ya ajiye, ya tsaya gefe. Ba wanda ya motsa. Can Gudrun ta tashi ta yanka, ta ci, ta miƙo mini nawa. Na daɗe ina kallon kek ɗin, sannan na ci. Ya yi daɗi, kar in yi masa ƙarya. Amma da aka ce in ƙara, na ce wannan ya ishe ni.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce barci ya dawo mini. Ina gaida Malam, da Baffa Ilu, da Barira da jaririnta. Gudrun tana tambaya ko safar ta tsufa ta saƙa wata. Ki kuma aiko mini da yadda kike sa cincin ya yi laushi, don Asger ya hana ni sakat.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Sallau