Kalmomin Sirri a Jikin Bango

Daga: Shugabar Ɗakin Gwaje-gwaje
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Amintattu na Asibiti
Ta hannun: Babban Likita
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Barin kalmomin sirrin manhajar haɗi a fili, da tozarcin da hakan ya jawo wa marasa lafiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan Shugaban Sashen Kwamfuta. Na kai maganar gaban duk wanda ya kamata kafin kai, ban samu komai ba sai alkawarin za a duba.

1. Kamar yadda ka sani, manhaja guda ce ke haɗa kwamfutar ɗakin gwaji da ta ajiyar bayanan marasa lafiya, da kuma kamfanin da ke tura wa mutane saƙon waya cewa sakamakonsu ya fito. Ni ba gwanar kwamfuta ba ce, amma injiniyar da ta girka manhajar ta yi mana bayani dalla-dalla ranar miƙa aiki. Ta ce akwai fayil ɗin saiti da ake rubuta kalmomin sirrin shiga duk wuraren nan a cikinsa, kuma wajibi ne a rikita rubutunsu, ta yadda ko an buɗe fayil ɗin ba za a ga komai ba sai haruffa a hargitse. Makullin warware su kuma a ajiye shi wani wuri dabam. Shugaban Sashen yana zaune yana gyaɗa kai. Bai yi ko ɗaya ba, wai hakan na ɓata masa lokaci idan ya zo gyara.

2. Ranar 3 ga Afrilu ya shirya bita ga baƙi, cikinsu har da dillalan kayan aiki da ba wanda ya tambayi sunansu a ƙofa. Don a shaida ƙwarewarsa, sai ya haska wannan fayil a bangon ɗakin taro, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ina kujerar baya ina kallon yadda ake ɗaga wayoyi ana ɗaukar hoto. Na tashi na je na raɗa masa cewa kalmomin sirrinmu ne a bango. Ya yi dariya, ya ce cikin lasifika in koma kan kwalaben jinina. Aka taya shi dariya.

3. Daga ranar 21 ga Afrilu saƙonni suka fara shiga wayoyin mutane da sunan wannan asibiti. Kowane saƙo na ɗauke da sunan mutum da cutarsa, ciwon hanta ne, daji ne, rashin haihuwa ne, sannan tallar wani maganin ƙarya da lambar da za a kira. Wato wani ya shiga da kalmomin da aka haska masa, ya zauna ya tsince mutanenmu ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ke cin su, kamar mai zaɓen kaya a kasuwa.

4. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da na daɗe ina ɗibar jininsa, 'yata yake kirana. Da aka gano yana da ciwon daji, ya roƙe mu kada 'yarsa ta ji sai ta sauka lafiya, domin tsohon ciki gare ta ga hawan jini. Lambar wayarta ce a katinsa, don ita ta fara kawo shi. Ita ta karanta saƙon. Yanzu haka tana kwance a ɗakin masu ciki, likitoci na fama da jininta. Dattijon ya zo tagar ɗakin gwaji, bai ɗaga murya ba. Tambayata kawai ya yi ko ni ce na sayar da shi.

5. Da maganar ta fasu, gyaran da Shugaban Sashen ya yi shi ne ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsofaffin kalmomin. Da aka matsa masa, ya rikita rubutun, amma ya rubuta makullin a layin da ke ƙasa, cikin fayil ɗin dai. Injiniyar ce ta tabbatar mini da haka ranar 9 ga Mayu, kuma a shirye take ta maimaita a gabanka.

6. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai ya rubuta rahoto yana zargin ma'aikatana biyu da fitar da bayanai. An dakatar da ɗaya, matar da ko sakamakon ɗan'uwanta ba ta taɓa faɗa wa iyayensu ba. Shi kuwa yana nan yana zagaye da katin shaidar aiki a wuyansa, har yana shirin wata bita.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi: a canja dukkan kalmomin sirrin yau ba gobe ba, a rikita su yadda ya kamata, makullin ya koma hannun wanda kwamiti ya amince da shi, a hana Shugaban Sashen taɓa manhajar har a gama bincike, a mayar da ma'aikaciyata bakin aikinta, sannan asibiti ya nemi gafarar duk wanda saƙon ya shiga wayarsa, da bakinsa, ba ta saƙon waya ba.

A ƙarshe ina sanar da kai cewa ƙa'idar aiki ta ce in faɗa wa duk wanda zan soka wa allura cewa sirrinsa na nan a tsare. Na daina faɗa, na kuma umarci ma'aikatana su daina. Ranar da ka amsa wannan takarda da aiki, za mu ci gaba.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,
(Sa hannu)
Shugabar Ɗakin Gwaje-gwaje