Koren Jirgi Yana Jiran Kaka

Litinin, 3 ga Maris
Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba son jirage ne ya fara kai ni ɗakin Kaka ba. Ɓuya nake yi. In baƙi suka zo Mama sai ta ce in fito in gaishe su, ni kuwa bakina ɗaurewa yake. A can ba mai tambayata komai. Tebur ya cinye rabin ɗakin, ga ɗan layin dogo da jiragen wasa, tashoshi biyu, gada, da dutsen da ya yi da takarda da gam. Da can direban jirgin ƙasa ne. Tsohuwa yake ce mini. "Tsohuwa, ɗaga hannunki, kin danne mini fasinjoji."

Laraba, 5 ga Maris
Rawar hannun Kaka ta ƙaru. Ya zo juya layi a mahaɗa, yatsa ya zame, koren jirgi ya yi karo da na kaya. Tarago biyu a ƙasa. Ya yi dariya, amma ta yaƙe ce.

Asabar, 8 ga Maris
Kawu ya zo da wata 'yar na'ura, ya yi ta jona wayoyi a ƙarƙashin tebur, ya haɗa ta da tsohuwar kwamfutarsa. Yanzu rubutawa ake yi: wannan jirgi ya tashi, ya tsaya a tasha, ya jira wancan ya wuce, layi ya juya da kansa. Jadawali sunan abin. Ni ya koya wa, wai Kaka da kwamfuta ba sa ga maciji. Ya ce, "Baba, yanzu ka huta, naka kallo." Kaka ya ce Allah ya yi albarka.

Lahadi, 9 ga Maris
Na iya! Ashe dole na kaya ya tsaya a gefe sai kore ya sauka daga gada, in ba haka ba layi ɗaya za su nema. Har tsalle na yi. Allah ya sa ba wanda ya gani.

Talata, 11 ga Maris
Ko karo ɗaya babu. Kaka ya zauna, hannuwa a cinya, yana bin su da ido. Can ya ce, "Aiki ya yi kyau, Tsohuwa. An sake yi mini ritaya ke nan." Ya tashi ya fita.

Alhamis, 13 ga Maris
Bai shigo ba. Jiragen suna ta zagaye su kaɗai.

Juma'a, 14 ga Maris
Yau ma. Mama ta ce abincinsa ya dawo kusan yadda ta kai. Wuni ya yi a kujerar bakin taga, rediyo a kashe.

Lahadi, 16 ga Maris
Cikin umarnin kwamfutar akwai wanda ke sa jirgi ya tsaya sai an danna babban jan maɓallin gefen tebur. Na sa wa kore shi a mahaɗa. Na je na tsaya a bayan kujerarsa, da ƙyar murya ta fito. "Kaka, kore ya ƙi tafiya."

Ya taso yana mita. Ya duba gada, ya duba na kaya, ya ce in yi haƙuri tukuna, ba a sakin jirgi da garaje. Sai da taragon ƙarshe ya shige, sannan ya buga maɓallin da tafin hannu. Maɓallin babba ne, rawa ba ta hana shi ba.

"Na'urar kawunki ba ta san aiki ba," in ji shi. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai. Ya ce in jawo masa kujera.

Alhamis, 20 ga Maris
Mama ta faɗa wa Kawu a waya wai jadawali ya lalace, kullum sai Kaka ya taimaka masa. Zai zo gyara ran Asabar.

Na ƙara wani jiran a ƙaramar tasha. In Kawu ya zo zan tare shi tun a bakin ƙofa, kafin ya ajiye jaka. Ni zan faɗa masa, da bakina. Kada ya taɓa komai.