Keken Inno da Rediyonta

Mabera, Sakkwato.

Zuwa ga Kawu Abdulshakur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ka sani. Baba yana mahauta kullum, yara suna makaranta.

Kawu, kwantar da hankalinka, Inno ta tsira daga allura. Ka tuna likita ya ce in sukarinta bai sauka ba cikin wata biyu, to allura ce kullum har ƙarshen rai, ita kuwa ko tsinken ɗinki ta gani sai ta kau da kai. Keken motsa jikin da ka aiko, ranar da ya iso ta zagaya shi sau biyu, ta ce ita da ta shekara hamsin tana daka ba ta aikin banza, abin da za a taka a yi gumi ba a je ko Ƙofar Atiku ba, mahaukaci ka hawa nai. Sati guda a kansa take shanya zane.

To ka san ni da matar tawa, jika ba ya rasa dabara. Na zare batir daga rediyonta, na ce ya mutu, amma keken nan yana ba da wuta. Na ja waya daga rediyon, na naɗa ta a jikin keken, ta wuce bayan labule inda na ɓoye batir. In ta taka sai in haɗa, in ta tsaya in raba, malamin tafsiri ya yi tsit a tsakiyar aya. Wallahi Kawu, da ka ga tsohuwa tana taka keke tana salati don kada fassara ta wuce ta! Kullum bayan la'asar rabin awa, ni kuwa ina tsugune sauro na cina. Sannu ba ta hana zuwa.

Jiya muka koma asibiti. Aka gwada, likita ya ce sukari ya sauka, a ci gaba da ƙwaya da keke, babu allura. A hanyar gida na ce bari in tuba, ko da za ta daina hawa. Sai ta ce tun kwana na biyu ta hango yatsun ƙafata ƙarƙashin labule, ta ƙyale ni ne don in san daɗin tsuguno. Ta ce ƙafafunta sun yi sauƙi, keke ba ta bari, amma ni ma ba a sallame ni ba. Yau ma da la'asar ina bayan labule.

Ka gaishe da Gwaggo Karimatu da Ja'afar da Humaira. Inno ta ce ka aiko da batir.

Ɗanka mai biyayya wani lokaci,
Junaidu