Umma, Yau Na Yi wa Babba Musu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi mai waina ta Makera,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki Rukayya ce ke rubuto miki daga bakin zauren taro na jami'armu. An ba mu hutun sallar La'asar, da an dawo za a faɗi waɗanda suka ci kyauta a gasar binciken ɗalibai. An raba shinkafa, tawa tana gefe, ta ƙi shiga.

Umma, na yi abin da kika hana. Na kalli dattijo ido cikin ido, na ce masa a'a, gaban jama'a.

Ba ki nan na zaɓi abin da zan yi bincike a kai, bari in gaya miki. Hayaƙin itace ne, da abin da yake yi wa ƙirjin mata masu suya. Na zagaya Makera da Kakuri da 'yar na'urar auna iska, ina rataye ta a bakin murhu. Wajen Maman Chidi na fara, aminiyarki mai ƙosai. Har yanzu kaskonta na nan kusa da inda tandarki take. Da ta ga na'urar sai ta yi dariya, ta ce, "My pikin, 'yata, wannan abin naki zai ci ƙosai?" Dariyar ba ta ƙare ba tari ya sarƙe ta. Irin naki ne sak, Umma, wanda yake sa mutum ya dafa bango.

Shi ya sa kyautar nan ta hana ni sukuni. Ba allon da ake ba mutum ya rataye a falo nake so ba. Aikin da ya zo na ɗaya, jami'a za ta kai shi unguwa a gwada. Idan nawa ne, za a gina wa matan nan murhu mai bututu, kuma Maman Chidi ce ta farko. Na riga na yi mata alkawari, bakina bai da linzami, kin sani.

Kin tuna tarbiyyarki? "Idonki ƙasa, Rukayya. Babba in ya yi magana, haka ne kawai." Ko kuɗin waina zan karɓa hannun tsoho, sai na rusuna. Ta shiga jikina har malamata, Dakta Saratu, ta gaji da ni. Ranar da na gwada gabatar mata da aikin ta buga tebur, ta ce, "Ke, takalminki ne zai ba ki maki? Ɗago kai!" Na ce to, kaina a ƙasa.

Yau kuwa na ga ɗalibai. Wani ya ƙera injin ɓare gyaɗa, wata ta yi bayani kan sauro da Turanci kamar ruwa, har aka tafa mata tun ba ta gama ba. Da aka kira ni, na karɓi lasifika. Na dai lallaɓa na kai ƙarshe.

Sai shugaban alƙalan ya gyara zama. Farfesa ne, tsoho mai furfura, ya girmi Baba nesa ba kusa ba. Ya ce kakanninmu da itace suka yi girki har suka ga tattaɓa-kunne, wannan hayaƙin da nake zuzutawa bai kai ya kawo ba. Wasu suka yi dariya.

Wallahi Umma, har na fara rusunawa ban sani ba. "Haka ne, ranka ya daɗe" ya zo har bakina. Na juya don in ɓoye fuska, sai idona ya faɗa kan hoton da ke allon majigi. Bangon kicin ɗinmu ne, baƙi ƙirin, da ƙusar da kike rataye mayafinki.

Na ɗago. Na ce masa a'a, ba haka ba ne. Kakanninmu a tsakar gida suke girki, iska na kwashewa, matan nan kuwa a rumfar kwano suke wuni. Na nuna masa abin da na'ura ta auna. Har na gama ban sauke ido ba.

Farfesan ya sunkuya ya yi rubutu. Abin da ya rubuta nake ta saƙawa tun ɗazu. Dakta Saratu ta matse hannuna ta wuce, ban gane ko yabo ba ne ko jaje. Ɗazu Farfesan ya bi ta gabana zai yi alwala, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ya amsa, ya tsaya ya dube ni, ya wuce.

Tsoro nake ji, Ummana. Ina tsoron bakina ya ja wa Maman Chidi asarar murhunta. Ina kuma tsoron da kina cikin zauren da kin rufe fuska don kunya. Ki yafe mini. Ke kika koya mini sunkuyar da kai, kuma tarinki ne ya ɗaga shi.

Ga shi an fara buga lasifika, ana cewa a shigo. Idan an kira sunana, da hannu biyu zan karɓa, a rusune, yadda kika koya mini. Idan ba a kira ba, zan je in faɗa wa Maman Chidi da bakina. Amma a'ar nan ba zan janye ta ba.

Allah ya yalwata kabarinki, ya cika shi da haske da iska mai daɗi, inda babu hayaƙi.

'Yarki mai kewarki,
Rukayya