Baba a Gefen Takarda

Shetimari, Litinin

Ƙanena Khalilu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya Diffa? Mu nan lafiya, muna tsakiyar dashen tattasai.

Littafin kammala karatunka da ka turo mini ta salula ya iso, kuma ka ba ni kunya. Wata uku ka yi kana bin Baba garka kana ɗaukar muryarsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Da bakinka ka ce duk abin da ya faɗa kan ruwan kogin Komadugu yana ciki, da Kanurinsa. Saboda haka na tara abokansa, har da Baba Lado da ba ya gani sosai, na shimfiɗa masu tabarma don in karanta masu. Na ja shafi har yatsana ya gaji. Sunayen Turawa birjik, babu sunan Baba, Fannami, ko sau ɗaya. Tsofaffi suka sha shayinsu suka tashi.

Ina ka kai ubanmu?

Yayarka, Meram

Diffa, Laraba

Yaya Meram,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki yi haƙuri ki saurare ni. Ban cire Baba ba.

Malamina ya ba mu wani tsari na ordinata, wato kwamfuta, da ake zuba rubutu a ciki. Tsarin ne ke zaɓen girman baƙaƙe da faɗin layi, ya fitar da littafin iri uku: na takarda, na intanet da na salula. Yana barin fili a gefen kowane shafi, a nan na sa maganar mutanen da na yi hira da su. Na salula ba shi da gefe, shi ya sa ya ɓoye su. Ban lura ba.

Ga na takarda na ba direba ya kawo miki, ki duba shafi na 41. Kowa na yaba kyan littafin. Ranar Alhamis ta sama zan miƙa shi. In na taɓa tsarin yanzu, shafuka da taswirori duk za su goce.

Ƙanenki, Khalilu

Shetimari, Juma'a

Khalilu,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake.

Na duba shafi na 41. Sai da na fita tsakar rana kafin in iya karanta shi. Wani mutumin Faransa da ya yi sati biyu a nan ya cika tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, wai ba a iya sanin ranar da kogi zai cika. Baba kuwa yana maƙale a gefe da rubutu kamar ƙwayar irin tattasai, yana cewa in tururuwa ta fara kwashe ƙwai daga gaɓa a ɗauke injin ban ruwa. Shekarar da ruwa ya ci garkunan mutane, injin wa ya tsira? Ba da tattasan wannan garkar aka kai ka jami'a ba?

Kyan littafi kake gaya mini. Haba, Khalilu. Tsarin bai san Baba ba, kai ka san shi. Ko ka shigo da shi tsakiya inda kowace salula za ta nuna shi, ko ka cire shi gaba ɗaya ka maido mini da muryarsa.

Yayarka, Meram

Diffa, Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban miƙa ba. Na shigo da Baba da sauran manoma tara tsakiya, shafuka suka goce kamar yadda na faɗa. Malamina ya ji haushi, ya ce sai zagaye na gaba, bayan wata huɗu. Abokaina za su gama su bar ni, kuma ban ji daɗi ba. Na turo miki sabon.

Khalilu

Shetimari, Asabar

Ƙanena,

Sannu da ƙoƙari. Na sake tara abokan Baba jiya bayan la'asar, na karanta daga salula. Duk inda maganar Baba ta tsaya, Baba Lado sai ya amsa masa, "Haka ne," kamar yadda suka saba a bakin garka. Da na gama ya lalubi sandarsa ya miƙe ya ce, "To, Fannami, sai gobe."

Ka zo gida, akwai sauran dashe.

Yayarka, Meram